Buhun Mai Lemo

Duk direban da ya taɓa sauko da babbar mota daga kan dutsen nan ya san Gwaggo, ko da bai taɓa tsayawa ba. Shagonta yana lanƙwasa ta bakwai, inda hanya ta karye kamar gwiwar hannu. Dutse a gefe guda, kwari a ɗaya gefen, irin kwarin da in ka leƙa sai ka tuna da duk wanda ka taɓa ɓata wa rai. Tana sayar da ruwan lagireto da man birki da dafaffen ƙwai, tana kuma ba da shawarar da ba wanda ya nema, ita wannan kyauta ce. Mijinta tsohon leburan hanya ne. Tun da ya ajiye aiki ba shi da sana'a sai zama a benci da cewa "ai na faɗa" bayan abu ya riga ya faru.

Amma ba ƙwai ne ya sa aka san ta ba, shara ce. Shekara talatin da suka wuce 'yarta ta fari, tana tsakiyar koyon tafiya, ta taka gilashin wata mota da ta daki dutse, har yau in ta gaji tana ɗingishi. Tun daga ranar Gwaggo ta ƙulla gaba da fasasshen gilashi. Da ta ji ƙarar karo za ta fito da tsintsiya a hannu ɗaya, butar ruwa a ɗaya. Masu rauni su sha ruwa, hanya ta sha shara.

Kuma tana da tsarinta. Motoci ba sa tsayawa don ita, saboda haka sai ta share hannun hanyar da ke jikin dutse tas ta ɗaure buhunsa, ta jira hanya ta yi shiru, sannan ta tsallaka hannun kwari da wani buhun. Ba ta zubarwa, domin awakin mutane suna kiwo a kwari. Ta ce wata rana za ta yi katanga ta jera gilasan a samanta. Katangar dai har yau ko tubali ɗaya ba a aza ba, amma ɗakin bayan shago ya cika da buhuna har rufi, kowane da sunan da ta raɗa masa: na mai siminti, na mai kaji, na amaryar da ta suma.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, wata babbar mota ta sauko ɗauke da lemo, wata ƙaramar motar ɗan kwangila kuma tana hawa. Suka gamu a lanƙwasar Gwaggo. Babbar ta kwanta a jikin dutse, ƙaramar ta juya ta kalli inda ta fito, ɗan kwangila ya karye a ƙafa, lemo kuwa ya kama hanya. Jama'a, ba a taɓa ganin lemo ya yi gudu irin na ranar ba! Ya gangara lanƙwasa ta takwas, ya wuce ta tara, mutanen ƙauyen ƙasa suka fito da bokitai suna godiya ga Allah. Har mijin Gwaggo, wanda ya shekara biyar yana kukan ciwon baya, an gan shi yana tsere da wani lemo guda.

Kafin motar asibiti ta ɓace, Gwaggo ta gama rabin aikinta. Sajan na 'yan sanda da ya zo rubuta rahoto, aljihunsa biyu sun kumbura da lemo, shi ya riƙe mata bakin buhu.

Kwana shida bayan haka wata motar haya ta tsaya, wata siririyar mata ta fito tana layi, ta zagaya bayan shago ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Ta dawo ta wanke fuska, ta ce ita lauya ce daga ofishin da ke tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Rabin shari'unta daga dutsen nan suke zuwa, kuma cikinta bai taɓa yafe mata ba. Ta ce direban lemo yana tsare. Ɗan kwangila ya rantse daga gadon asibiti cewa babbar mota ce ta bar hannunta ta shigo nasa. Mai babbar motar ya kashe waya. Beli kuma sai da mai gida a cikin gari, shi kuwa direban baƙo ne, bai san kowa ba sai matarsa da ta biyo shi da tsohon ciki.

Ta zaro tef ɗin awo, ta duƙa tana duban kwalta. Ta duba nan, ta duba can. Kwalta fes kamar an lashe.

"Gwaggo, wa ya share wurin nan?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin zani, baki har kunne. "Ni ce, 'yar nan. Kin ga ko ƙwaya?"

Lauya ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Gwaggo, inda gilashi ya zube nan motoci suka haɗu. Shi kaɗai ne shaidar da ba ta tsoron ɗan kwangila! Kin san ɓata shaida laifi ne? Ana ɗaure mutum a kansa!"

Ita lauya cikin ɓacin rai ta faɗa, ta kuma manta. Gwaggo kuwa kalma ɗaya ta ji: ɗauri.

"Ina kika zuba sharar?"

"Kwari," in ji Gwaggo. Mijinta ya buɗe baki, ta take masa ƙafa da dukkan nauyinta.

Kwana ashirin ta riƙe ƙaryar nan, kuma ƙaryar ba ta bar ta ta huta ba. Ta sa kwaɗo biyu a ɗakin buhuna. In ta hango mota mai launin ta 'yan sanda sai ta shige ƙarƙashin kantar shago, ko da motar masu gyaran wutar lantarki ce. Ta fara tambayar direbobi a fakaice, wai ko a gidan yari ana barin mutum ya shiga da nasa matashin kai. Mijinta ya samu abin yi. Kullum da safe sai ya ce, "Uwargida, in sun zo, ƙwan nan danye zan sayar ko zan koyi dafawa?"

Sau biyu lauya ta dawo. Ta biya wani maharbi ya sauka kwari da igiya, ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya da ƙahon akuya. A zuwa na biyu ta taho da matar direba, don ba ta da wurin barinta. Yarinya ce ƙarama, ƙafafunta sun kumbura, ta zauna a benci tana kallon wurin da motar mijinta ta kwanta. Gwaggo ta ba ta ruwa, ta ɓare mata ƙwai biyu, ta yi mata huɗuba a kan kwanciya ta gefen hagu. Maganar buhu ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta. A nan kam ba zan kare ta ba. Tsoro ne, kuma tsoron ya fi ƙarfin tausayinta.

Sai wata safiya direban motar haya ya leƙo ta taga ya ce, "Gwaggo, yarinyar nan da kika ba ƙwai ta sauka shekaranjiya. Namiji. Ita kaɗai ta taka zuwa asibiti."

Gwaggo ta miƙe. Ta shiga ciki ta ɗaure zannuwa uku da matashin kai da tsintsiya sabuwa, domin ta ji an ce can ba su iya shara ba. Ta bi kajinta ɗaya bayan ɗaya da wasiyya. Ta yafe wa maƙwabciyarta tukunyar da ta fasa tun shekarar da aka yi kwalta. Ta nuna wa mijinta inda ashana take. Sannan ta buɗe kwaɗo biyu ta jawo buhuna biyu, ɗaya maƙil, ɗaya shafal, ta tare motar itace ta hau baya tana ɗaga wa kowa hannu kamar mai tafiya ƙasar waje.

Ofishin lauya ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin taya, da fanka mai kuka da tarin fayil. Gwaggo ta dire buhunan a tsakiya, ta miƙa hannuwa biyu.

"Ga ni, 'yar nan. Kira su su ɗaure. Ƙarya na yi miki."

Lauya ta kwance babban buhun. Warin ruɓaɓɓen lemo ya kori sakataren ofishin zuwa baranda. Ciki gilashin fitilun motoci biyu ne, da ɓawon lemo, duk sun cakuɗe da jar ƙasa. Ta kwance ƙaramin: baƙar tsakuwa, da busasshen ganye, da ɗan gilashin da bai cika cokali ba.

"Me ya sa biyu?"

"Wannan na hannun dutse, wannan na hannun kwari. Wa zai haɗa su? Jar ƙasa daga jikin dutse take zubowa, ba ta tsallaka layi."

Lauya ta sake duban babban buhun: gilashin duk a hannun dutse ya zube. Hannun dutse na mai saukowa ne, wato hannun direban lemo. Ɗan kwangila ne ya ji tsoron kwari ya lafe wa dutse, kamar yadda masu hawa da yawa suke yi. Sai ta ƙwala ihu, ta tuɓe takalmi, ta rungumi Gwaggo, ta rungumi buhu, ta zagaya teburi sau biyu tana rawa. Gwaggo na tsaye da matashin kai a hammata tana tambaya, "To yaushe za a ɗaure ni?"

Bayan kwana tara aka zauna kotu. Aka shimfiɗa leda aka zazzage buhunan, alƙali ya sa a buɗe duk tagogi. Lauya ta kawo ƙasa daga gefe biyu na hanyar a cikin kwalabe, aka gwada, ja ta tafi wurin ja. Gwaggo ta shiga akwatin shaida da sabon mayafi. An gargaɗe ta ta amsa abin da aka tambaye ta kawai, amma cikin minti goma ta ba alƙali maganin mura, ta kuma shaida wa magatakarda cewa ƙarƙashin teburinsa abin kunya ne.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe yana toshe hanci. "Gwaggo, ta yaya kotu za ta san ba jiya kika cika buhun nan ba?"

"Ɗan nan, lemon jiya ne wannan? Matso ka shaƙa."

"Wa ya gan ki kina cika shi?"

Gwaggo ta waiga ta nuna da yatsa. "Ga shi can. Sajan. Shi ya riƙe min baki, har ya ɗaure min da igiyar usur ɗinsa, tawa ta tsinke."

Aka duba wuyan buhu, ga igiyar usur. Sajan ya miƙe a hankali ya ce, ranka ya daɗe, haka aka yi. Kotu ta fashe da dariya, alƙali ya buga teburi, shi ma kafaɗarsa na rawa. Kafin azahar ya sallami direban lemo. Ita kuma Gwaggo ya ce mata nan gaba ta jira hukuma kafin ta yi shara, ta tafi gida.

Ta fito baranda kamar ta tashi sama. Ta ba mai gadi labarin, ta ba mai sayar da ruwa, ta tare wani da ya zo shari'ar gona ta fara masa daga farko. Tana cikin kwaikwayon fuskar Sajan aka fito da direban.

Ya rame, wandonsa yana neman faɗuwa. Matarsa ta kwance goyo ta miƙa masa. Ya goge hannuwansa a riga sau biyu kafin ya karɓa, ya riƙe jaririn nesa da ƙirji, don bai san yadda ake yi ba. Kwanan yaron goma sha ɗaya, yau ubansa ya fara ganinsa. Da aka nuna masa Gwaggo ya taho ya durƙusa da yaron a hannu.

"Inna, ban san da bakin da zan gode miki ba."

Da ta yi shiru da an rabu a haka. Amma ta gaji da haɗiye magana.

"Tashi, ɗana. Buhun nan yana ɗakina tun ranar farko. Lauya ta tambaye ni na ce na zubar. Tsoro na ji."

Ya ɗago. "Tun yaushe ta tambaye ki?"

"Kwana shida da kama ka."

Leɓensa na motsi, yana lissafin kwanaki. Gwaggo ta ga lokacin da ya kai ƙarshe.

"Da ni na kai ta asibiti ke nan," ya ce a hankali.

"Da kai ka kai ta."

Ta jira ya ce ya yafe. Ya miƙe, ya mayar wa matarsa yaron, ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ya juya ya bi lauya don sa hannu a takarda. Gwaggo ta ji abin har cikin ƙashinta, kuma ta san bai zalunce ta ba.

Matar ta tsaya tana kokawa da zani da hannu ɗaya. Ta dubi bayan mijinta, ta dubi tsohuwar, ta ɗan jima.

"Gwaggo, riƙe min shi in gyara goyo."

Gwaggo ta karɓe shi da hannuwanta masu warin lemo. Yarinyar ta daɗe tana gyaran zanin da bai buƙaci gyara ba, har Gwaggo ta gama kukanta.