Tikitin Kano a kan firji

Jiya yayana, mai son gyaran abin da bai lalace ba, ya kawo wa Inna tikitin Kano. A Madina aka haife ta, ba ta taɓa zuwa Kano ba, amma tana kwatanta gidan mahaifinta na can har rijiyar tsakar gida.

Ta ture tikitin. "Me kike karantawa, ya binti?" Haka take kirana, wato 'yata da Larabci.

Na ce littafin wani marubucin Finland ne, ya rubuta labarin tsohuwar Masar, ya rasu bai taka ƙasar ba.

"Mai hankali ne. In na je na tarar an rushe gidan, wa zai mayar min da shi?"

Tikitin yana kan firji. Da ku ne, za ku matsa mata?