Giwayen da Saƙo Ya Hana Mu Gani

Har yau in na ga jarka ɗaure a saman mota sai raina ya ɓaci, don jarka ce ta tona mini asiri.

Ina da maƙwabci a Bagudo, mutumin kudu, Kirista, mai shagon kayan gyaran babur a bakin tasha. Oga muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam saboda koyarwa nake yi. Da ƙuruciyarsa ya zo garin, a cikinmu ya yi furfura. Wata rana ina zaune a bencin shagonsa wani ɗan kabu-kabu daga Benin ya zo sayen taya, ya ba mu labarin wani tafki a gandun dajin ƙasarsu inda giwaye ke saukowa shan ruwa da safe, kana cikin motarka kana kallo. Oga ya yagi kwali ya ba shi biro, ya ce ya zana mana hanya. Ya zana kogi, ya sa Illo, ya sa Lolo, ya ja layin iyaka, can sama ya yi wani ɗan da'ira ya ce tafkin ke nan. Muka kafe kwalin da ƙusa a bangon shago.

Kwalin nan ya shekara shida a bango. Da damina aka ce ciyawa ta fi mota tsawo. Da kaka ina fama da jarrabawa. Da bazara, lokacin da ya dace, sai Oga ya ce kasuwa ta buɗe, a bari sai baɗi. Lokacin daji lafiya lau yake, muna ganin ba inda zai je.

Rannan da la'asar ya ce mini, "Malam, yara sun gama mini gini a gida. Ranar Litinin ta sama motar kaya za ta zo, zan koma."

Na dubi kwalin, shi ma ya dube shi. Na ce wallahi ba zai bar ƙasar nan bai ga giwa ba, ko da a kaina zan ɗauke shi.

Da muka zauna tsari sai muka ga Juma'a tawa ce, ba na barin masallaci. Lahadi tasa ce, kuma a ranar cocinsu za su yi masa addu'ar bankwana. Asabar ɗaya tak muke da ita. Na tsara komai a takarda yadda nake tsara jadawalin aji: mu tashi ana idar da sallar Juma'a, mu tsallaka iyaka kafin masu buga hatimi su tashi, mu kwana a Malanbil ta ɓangaren Benin, da asuba mu kama hanya, hantsi ya same mu a bakin tafki. Na haɗa takardun mota da katin rigakafi, na canzo sefa, na sa aka duba birki. Oga ya samo mana tayar mota biyu da bel ɗin inji. Na aro madubin hangen nesa a makarantarmu, ido ɗaya ne ke aiki amma na ce ya isa. Kujerar baya na ce ba mai zama, wurin juyawa ne in giwa ta ɓullo ta hagu ko ta dama.

Kuskurena ɗaya. Ranar Laraba na fito da mota ƙofar gida na ɗaure jarka biyu a samanta, ta ruwa da ta fetur, don in gwada igiya. Ni da na girma a garin nan, na san mota ba ta fita da kujera ba kowa, amma na yi haka da rana tsaka.

Kafin magariba Gwaggo ta iso, yayar mahaifina, wadda ta goye ni. Ta zagaya motar ta ce, "Ina zaka da jarka awa mai hijira?"

Na ce Benin, kallon giwa.

"Ita giwar ta aiko a kira ka?"

Ta ce to tunda yawon banza ne, ɗiyarta ta haihu a Lolo, sai in sauke ta a can, ita da buhun shinkafa. Sannan ta ce, "In kun ga giwar ka ɗebo min kashinta. Ana turara wa jinjiri." Na ce to. Me zan ce? Washegari Kawu ya aiko a kira ni, ya ce an yi rasuwa a gidan amininsa a Illo, ba yadda za a yi motar gidanmu ta ratsa gari ba a tsaya gaisuwa ba. Shi ma na ce to. Zuwa safiyar Juma'a kujerar bayan nan da nake tattali ta cika: kan keken ɗinki, ƙullin magani, tabarmi biyu, kwanon da aka aro tun bikin bara. Ba wanda ya tambaye ni ko akwai wuri. Kowa sai ya ajiye ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Gwaggo ta shige gaba ta zauna, ta ce gwiwarta ba ta son baya. Oga, wanda don shi ake tafiyar, ya takure a baya da kan keke a cinya.

A Illo na yi niyyar mu yi addu'a mu tashi. Aka ce sai an kira mai gida daga gona. Ya zo, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka kawo fura. Na miƙe aka ce ga tuwo nan an kusa kwashewa. Gwaggo kuwa ta shige cikin gida ta ɓace, na aika sau uku ana cewa ga ta nan. Ina zaune a tabarma ina amsa amin, idona na kan inuwar katanga tana ƙara tsawo. Ban taɓa jin haushin tuwo ba sai ranar.

Mun shiga Lolo ana kiran magariba. Masu hatimi sun tashi, kuma ba laifinsu, lokacinsu ne ya yi. 'Yan babur na ta wucewa ta hanyoyin gona abinsu, amma mota mai takardu dole ta jira safiya. A zauren surukin Gwaggo muka kwana. Da gari ya waye na fito na tarar kujerar da muka sauke kayanta jiya ta sake cika. Mutanen Lolo ma suna da 'yan'uwa a Malanbil.

Nan ne na fashe. Na ce ni ba direban tasha ba ne, a kwashe. Gwaggo ta fito da jinjiri a hannu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da zaka kallon dabba, saƙon mutane ne ya yi maka nauyi?" Oga ya taɓa hannuna ya ce, "Malam, gardama ta fi sauke kaya cin lokaci. Mu tafi." Muka tafi da kayan.

Gida uku muka nema a Malanbil, a garin da ban sani ba, da kwatancen bishiya da rijiya. Ɗaya ma sun tashi daga unguwar.

Azahar ta gota muka isa ƙofar gandun. Ma'aikacin da ya shiga motarmu don yi mana jagora ɗan ƙabilar Dendi ne mai jin Hausa. Ya kai mu har bakin tafkin, ga shi nan kamar yadda aka zana a kwali, ruwa ja, ba kowa sai balbelu. Ya ce, "Da safe suna nan, har da 'ya'ya. Sun daɗe ma yau." Ya ce in mun jira faɗuwar rana wataƙila su dawo. Amma na san in mun jira, iyaka ta rufe, Oga ya rasa bankwanan cocinsa. Na ce mu jira, komai ta fanjama fanjam. Oga ya girgiza kai ya ce mutanen cocinsu sun yi girki dominsa.

Ya sauka ya taka zuwa bakin ruwa. Sawun giwayen na nan cikin laka, kowanne kamar faranti. Ya cire takalmi ya sa ƙafarsa a cikin ɗaya, ya tsaya a haka. Ni ina riƙe da madubi mai ido ɗaya, kunya da baƙin ciki sun hana ni matsawa kusa da shi. Shi ne ma ya tuna da saƙon Gwaggo. Ya samo leda a mota ya tsuguna ya ɗebi kashin, ɗanye, da sauran ɗumi a cikinsa. Ma'aikacin ya kau da kai yana murmushi.

Duk wanda ya ba ni saƙo a tafiyar nan saƙonsa ya isa. Gwaggo ta kwance ledar a Lolo ta sansana ta ce mai kyau ne, Allah ya yi albarka, ashe dai tafiyar ta yi amfani. Amma kafin mu ba ta, Oga ya raba shi biyu, ya ƙulle rabi a wata ledar. Na ce me zai yi da shi. Ya ce jikokinsa za su tambaye shi abin da ya gani a arewa.

Ranar Litinin motar kaya ta zo. Ya cire kwalin daga bango ya miƙo mini, ya ce in je in gano mana. Ban je ba. Na ce sai baɗi, kafin baɗin 'yan bindiga suka shiga dajin, yanzu ko ɗan kabu-kabu ba ya bin ta nan. Ban yafe wa kaina jarkar nan ba, ban kuma yafe wa bakina da bai iya cewa a'a ba.

Yana kirana a waya duk ƙarshen wata. Sai ya fara tambayar gwiwar Gwaggo, ya bi mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya. Maganar giwa bai taɓa tayar mini da ita ba, ni ma ban taɓa iya tayarwa ba.