Tambayar da Baba Sale ya kasa yi wa likita

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaure buhunan gyaɗa da safen nan Habu ya kira ni: surukinsa, Baba Sale, ya rasu a asibiti.

Tun ɗazu na kasa zama. In shiga shago, in fito, in sake shiga.

Baba Sale ne ya koya mini sana'ar gyaɗa. Shi ya nuna mini yadda ake girgiza ta a kunne a gane ta bushe. In muka hau motar Kano daga Minjibir, sai ya tura ni bakin taga, wai ni ne rago mai jiri.

Bara likita ya ɗora shi a kan maganin rage kitse a jini. Can daga baya fitsari ya dame shi. Alwalar Magariba ba ta kai shi Isha'i. A mota ya ce wa direba, "Ɗan tsaya, ɗana," fasinjoji na tsaki. Har ruwa ya daina sha in za mu yi tafiya.

Ganinmu na ƙarshe a gonarsa ne, gindin ɗorawa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kai da ka yi boko, ƙwayar nan ce ta sa ni zirga-zirga?"

Na ce ban sani ba, Baba, likita za ka tambaya.

Ya yi dariya. "Habu ne ke kai ni, tare muke shiga. Ni in buɗe baki in ce fitsari a gaban mijin 'yata? Haba!"

Na ce to ni zan raka shi. Ya ce sai an gama cire gyaɗa.

Ashe ajiye maganin ya yi, yana jiran sauƙi. Sauƙi bai zo ba. Sai da ya yanke jiki ya faɗi aka auna jininsa, aka ga suga ya hau sosai. Likita ya ce ba kasafai maganin ke kawo yawan fitsari ba, da ya ji wannan ƙorafi da tuni ya duba suga.

Habu kuka yake a waya: "Kullum aka tambaye shi sai ya ce lafiya lau."

Kwana ne ya ƙare, na sani. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Habu da iyali haƙuri. Ku sa shi a addu'a, don Allah.

Kuma ranar da ka raka surukinka asibiti, kai shi ƙofar likita, kai ka tsaya a waje.