Auta da Layukan da Ba Ta Gani

A makarantar mishan da na yi, malaminmu kan auna gefen takarda da rula kafin ya karanta abin da ka rubuta. Ina kewar tsabtar rubutun zamanin, amma 'yar ƙanwata, Auta, ta sha wuyar irin wannan awon.

Aikinta rubuta bayanin ƙunshin manhaja ne, wato 'yan layukan da ke gaya wa kwamfuta sunan manhaja, inda za a ɗauko ta, da abin da take buƙata kafin ta yi aiki. Tana cikin wannan aiki ganinta ya tafi. Ba ta zauna ba. Ta koyi aiki da na'urar da ke karanta mata allon kwamfuta a kunne.

Sai dai a ofishinsu da ido ake jera layuka, kowane a ƙarƙashin ɗan'uwansa, kuma kowa da irin tazarar da yake so. Nata bayanin daidai yake, amma kullum a dawo mata da shi, wai ya karkace. A ƙarshe shugaban sashe ya ce zai mayar da ita teburin amsa waya.

Ta zo ɗakina ranta a ɓace. Na ce ta yi haƙuri, aiki aiki ne.

"Kawu, idona na rasa, ba kaina ba," in ji ta.

Ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, har da wani dogo da suke kira Sarkin Gardama, sai da suka amince da ƙa'ida guda: tazara nawa, ina layi zai karye. Sannan ta rubuta ƙaramar manhaja mai jera rubutun kowa bisa ƙa'idar. Shugaba ya yarda a gwada, da sharaɗin in ƙunshi ko ɗaya ya lalace, maganar waya ta tabbata.

Aka zuba wa manhajar bayanan ofishin gaba ɗaya, aka sake haɗa kowane ƙunshi, shugaba da abokan aikin suna tsaye a bayan kujerar Auta. Babu wanda ya lalace.

Sarkin Gardama ya yi ƙorafin an raba shi da abin musu. Shugaba kuwa ya tambaye ta ko za ta riƙe ƙa'idar sashen daga yau.

"Zan riƙe, ranka ya daɗe," ta ce. "Turo naka bayanin mu fara da shi."