Saura Daƙiƙa Tara Na Kira Shi

Shekara uku ɗana na fari ya yi yana buga wa kwalejinsu ƙwallon kwando, ban taɓa sa ƙafata a filin ba. Ba don ba na so ba. Ɗan fari ne, kuma ni mutumin Zariya ne, ko sunansa ba na kira, balle in je gaban jama'a ina tafa masa. "Kai" nake ce masa, ko in yi gyaran murya. Abu ɗaya na tsaya a kai tun yana rarrafe a ɗan gidan hayarmu na Hyattsville: in na kira, a ajiye abin da ke hannu, a amsa. Ya sha faɗa a kan wannan, har rankwashi ya sha. Hausarsa ba ta da ƙafa, yana ji amma da Turanci yake mayarwa, sai dai "na'am" ɗinsa kam ta fi ta 'yan gida sauri. Da wannan nake yi wa abokaina burga a masallacin Juma'a.

A shekararsa ta ƙarshe mahaifiyarsa ta tasa ni gaba. "Malam, wannan kunyar taka a Amurka wa ka ga yana yin ta? Iyayen kowa suna zuwa, shi kaɗai ne kamar maraya." Na yi ɗan bambamina, sannan na bi ta.

Zuwa uku na yi, wasan ya shiga raina. Ni da na tashi da ƙwallon ƙafa, inda in an busa usur sai hutun rabin lokaci, abin da ya fi burge ni shi ne ɗan hutun nan da suke kira taim'aut. Koci ko ɗan wasan da ƙwallo ke hannunsa sai ya haɗa tafukansa, alƙali ya busa, agogo ya tsaya, a koma gefe a yi shawara. Kowace ƙungiya akwai adadin da aka yanka mata. Wanda ya nema bayan nasu ya ƙare, sai a ba abokan hamayya jifa biyu kyauta. Ni mai harhaɗa magunguna ne, ƙirga abu sana'ata ce, kuma allon tsohon ɗakin wasan nasu ci da agogo kawai yake nunawa. Sai na riƙa zuwa da biro, duk hutun da aka ɗauka in ja layi a bayan tikitina. Kafin wata biyu na zama gwanin kaina, ina yi wa kocin gyara daga kan benci. Matata ta ce saura su ba ni usur.

Wasan da nake magana a kai ranar Asabar aka yi shi, da yamma, ƙarshen sanyi. Wanda ya ci ya wuce gaba, wanda aka ci ya tafi gida, kuma ga 'yan ajin ƙarshe irin ɗana, an gama ke nan har abada. Cunkoson hanya ya riƙe mu, muka shiga ana fara wasa, ban yi la'asar ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci na fita in yi alwala, na tarar da layi a banɗaki kamar ana rabon shinkafa. Na jira, na yi, na samu lungu ƙarƙashin matakala na shimfiɗa kwat ɗina na yi salla. Da na dawo an yi kusan minti biyar da komawa wasa. Na tambayi matata ko an yi wani abu, ta ce an ɗan matsa mana amma mun farfaɗo. Ban tambaye ta hutu ba, ita ma ba ta san abin a faɗa ba ne. A cikin minti biyar ɗin nan kocin ya ɗauki ɗaya, tikitina bai sani ba.

Saura daƙiƙa goma sha wani abu, muna gaba da ci ɗaya. Abokan hamayya suka jefa, ƙwallo ta bugi ƙarfen kwando ta fito, ɗana ya cafe ta a kusurwa. Ƙarti biyu suka rufe shi, layin ƙarshen fili a bayansa, ba hanyar miƙawa. Na dubi tikiti, a lissafina saura hutu ɗaya. Na dubi kocin, hannu kawai yake kaɗawa. Raina ya ɓaci, na ce wannan mutum barci yake yi ne? Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a wurin ba, na ƙwalla da Hausa: "Kai! Tsayar da wasa! Nemi hutu!"

Ɗaruruwan mutane ke ihu a ɗakin nan, duk da Turanci. Murya ɗaya ce ta Hausa, kuma ita ya ji. Na ga kansa ya ɗan juyo, ya rungume ƙwallo a ƙirji, ya haɗa hannu. Alƙali ya busa, agogo ya tsaya a kan tara.

Na fara tafi. Wallahi na fara tafi, sai na ga ni kaɗai ne a ɓangarenmu. Kocin ya ɗora hannu biyu a ka. Mutanen can gefe suka ɓarke da sowa. Wani bature da ke gabanmu ya juyo ya ce wa matarsa, ai ba su da saura, yaron nan ya kashe mu. Na zauna.

Suka jefa biyun, duka suka shiga. Aka dawo mana da ƙwallo, wani abokinsa ya jefa daga nesa, ko ƙarfe ba ta taɓa ba.

Na tsaya a baranda ina kallo iyaye suna rungumar 'ya'yansu. Kocin ya fito da ɗana, hannunsa a kafaɗarsa. Dattijo ne mai kirki, ya gaishe ni, ya ce kada mu matsa wa yaron. Ya ce ya gaya musu sau biyu a hutun ƙarshe cewa babu saura, amma tsoro yana sa mutum mantuwa. Ɗana ya ce, e, mantawa ya yi, laifinsa ne. Ina tsaye, tikitin yana aljihuna. Na gyaɗa kai kamar mai yafe wa wani.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida, ɗana yana kujerar baya. Matata tana ta share hawaye da bakin mayafi. Da muka tsaya a danja, na kasa haƙuri, na tambaye shi ba tare da na waiwaya ba: "Da gaske mantawa ka yi?"

Ya amsa da Hausa, wannan gurguwar Hausar tasa da muke yi wa dariya.

"Na sani babu, Baba. Kai ka kira."

Motar baya ta yi ta danna mana oda kafin in lura wuta ta ba da hannu.

Bai ƙara taɓa ƙwallo ba, ko a farfajiyar gida. Abokan da suka yi shekara huɗu tare suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau in an haɗu, da wannan daƙiƙa tara ake tuna shi. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma ban gaya wa kocin ba, na yi ta cewa sai an kwana biyu, har na ji ya yi ritaya ya koma wata jiha. Shi kuwa ɗan nawa, sau nawa na shirya in ce masa ya yafe mini, sai in ɓige da tambayar lafiyar motarsa. Abin yana cin raina, kuma na san ragwanta ce, ba kunya ba.

Yanzu yana Springfield da iyalinsa, furfura ta fara fito masa a gemu. In na buga masa waya, ko yana tsakiyar aiki, kafin ta yi ƙara biyu ya ɗauka ya ce, "Na'am, Baba." Duk lokacin sai in ji da ma ya bar ta ta yi ta ƙara.