Layin Ssempijja a Ɗakin Surukarsa

Ssempijja mai aski ne a garin Masaka, shekara goma sha tara a rumfa ɗaya kusa da tashar mota. Ba ya shan giya, ba ya faɗa, ran Lahadi yana cikin mawaƙan coci. Aibinsa ɗaya: ya san ƙwallo. Ya san ta ƙwarai, har biyu daga cikin injinan askinsa uku suka tafi wajen tabbatar da wannan sani.

Manhajar cacar da ke wayarsa tana da wurin sa iyaka, inda mutum zai faɗi abin da ba zai wuce ba a mako. Sau huɗu ya sa iyakar, sau huɗu ya ɗaga ta da hannunsa.

Da ya ga saura inji ɗaya, sai ya cire layin wayar, ya naɗe a takarda, ya miƙa wa matarsa Nalwoga.

"Kai wa Maama ta ajiye min."

Ta ce, "Uwata? Duk gidan nan ba ka ga akwati ba?"

"Akwati ai ina iya buɗe shi."

Gaskiyarsa. A al'adarsu ta Buganda namiji ba ya shiga ɗakin surukarsa, ba ya haɗa ido da ita, ko hannu ba sa gaisawa.

Wata biyu lafiya lau. Sai wata Asabar aka zo da wasan da ko makaho ya san wanda zai ci. Ya rufe rumfa, ya sayi sukari, ya hau babur zuwa ƙauyen surukarsa. Ya tsaya cikin itatuwan ayaba a gefen tsakar gida, ya yi tari.

Maama Nakabugo tana bayan labule tana feraye matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa. Wata kaza na kiwo tsakaninsu.

Tsohuwa ta ce, "Ke kaza, wa ke tari a gonata?"

Shi ma ya dubi kazar. "Ki ce mata surukinta ne. Sukari ya kawo."

"Ki yi masa godiya. Sukari ran Asabar, saura awa biyu a take ƙwallo! Ɗan albarka. Ki ce masa ajiyarsa na ƙarƙashin matashina. Ƙofa a buɗe take, ya shigo ya ɗauka."

Ssempijja ya dubi ƙofar. Taku goma ne, ko bai kai ba. Kazar ta karkace kai tana kallonsa da ido ɗaya.

"Ki ce mata wucewa nake yi."

"Wucewa zuwa ina? Hanyar nan a gidana ta ƙare."

Ya ajiye sukarin a kan kututture, ya juya, kansa a sunkuye.

Da yamma ya buɗe rumfa ya yi wa mutum shida aski. Ƙungiyar da ya so zaɓa ta ci biyu da nema, masu jiran layi suna ta ihu. Ya kakkaɓe injin, ya ɗiga masa mai, ya ce na gaba ya zo ya zauna.