Shaidar Elwood Stanek a kan Motarsa

Akwai wani aibi da ya yawaita a cikin mutane har aka daina ganinsa aibi: mutum ya sayi abu, daga nan ya zama lauyan abin. Duk wanda ya kushe kayan, a ganinsa hankalinsa aka kushe, saboda haka yakan ɓoye lahaninsu kamar asirin gida. Ana ɗaukar wannan ƙaramin abu, alhali ba ƙarami ba ne, domin kullum akwai mai saurare, kuma da abin da ya ji zai yanke shawara.

Elwood Stanek makiyayi ne a yammacin Nebraska, mai shanu wajen ɗari biyu. Bai taɓa cutar kowa a ciniki ba. Amma gidansu gidan Drover ne: babbar a-kori-kura ƙirar Drover ubansa ya tuƙa, irinta shi ma yake tuƙawa. Kowace safiya yakan zauna a shagon kofi na bakin kasuwar shanu da abokinsa Harlan Voss, wanda gidansu ba su san wata mota ba sai Halvard.

"Kai tsoho," in ji Harlan, "jiya na ji kukan akwalarka tun daga gada. Na zaci saniya ce ke naƙuda."

"Tawa kuka take yi saboda tana aiki," in ji Elwood. "Taka fa? Amarya ce, sai kwalliya. Shekara tara, ko sau ɗaya ba a buɗe cikin tawa ba."

Wannan ƙarya ce. Sau uku giyarta tana mutuwa, duk a lokacin da take jan tirelar shanu. Kowane karo garejin wani bakanike mai suna Rudy yake kai ta, a wani gari mai nisan mil sittin, don kada 'yan shagon kofi su gani.

Akwai kuma wata mujalla da ke kwatanta motoci domin masu saye. Duk shekara takan aika wa masu karanta ta takardar tambayoyi: me ya lalace a motarka bana? Daga amsoshin take jera motocin, wannan ta ɗaya, waccan ta biyu. Elwood yakan cike takardar da kyakkyawan rubutu, a gaban kowace tambaya ya sa "babu". Idan mujallar ta fito ta ɗora Halvard a sama, sai ya buga tebur ya ce an saye su. Bai taɓa tsayawa ya lura cewa shi da ke zarginsu da ƙarya shi ne ke aika musu da ita ba.

'Yarsa Marlys ta gama karatun likitan dabbobi ta dawo gida. Aikinta zai fi tsanani a ƙarshen hunturu, lokacin haihuwar shanu, inda za ta riƙa shiga rugage masu nisa ita kaɗai, tana jan tirelar kayan aiki a kan hanyoyin da dusar ƙanƙara ke rufewa kuma waya ba ta kamawa. Ta zo masa da mujallar a hannu.

"Baba, sun sa Halvard ta ɗaya, Drover ta biyu, amma tazarar kaɗan ce. Ni dai maganarka ta fi mini tasu. Shekara tara ba matsala, me kuma zan nema? Ka raka ni ranar Asabar in ɗauko Drover."

Ya ce to. Sai dai kwana uku bai ji daɗin abinci ba. Ya bi maganar daki-daki, kamar yadda yake bin sawun saniyar da ta ɓace. Idan motarsa ta tsaya, yana da Rudy da haƙuri. Idan tata ta tsaya a cikin ƙanƙara, saniyar da ake jiran ta a kanta za ta mutu, kuma ba lallai saniyar kaɗai ba. Ƙaryar da ya yi don ya ƙular da Harlan ta zagayo ta sami 'yarsa.

Ranar Asabar suka kama hanya. Da suka iso mararrabar da ke kaiwa wurin dillalin motoci, bai karya kan mota ba, ya miƙe.

"Baba, ka wuce."

"Na sani."

Suna shiga garejin, Rudy ya fito yana goge hannu da tsumma. "A'a, babban baƙona! Giyar ce kuma? Ai na kusa sa mata gado a nan."

Marlys ta dubi ubanta. Ya cire hularsa yana jujjuya ta.

"Sau uku," ya ce. "Kuma kowace shekara na rubuta wa mujallar nan cewa babu."

Marlys ta ce, "To yanzu in yarda da mujallar ke nan?"

"Ban ce ba. Mutum ɗaya na sani a cikin masu ba su amsa, kuma maƙaryaci ne. Harlan ma yana cike takardar, ban kuwa ga dalilin da zai sa ya fi ni gaskiya ba."

Rudy ya yi dariya har da riƙe ciki. "Likita, duk motocin biyu suna zuwa nan. Halvard wayoyin wutarta ke ba da wahala, amma takan lallaɓa ta kai ki gida. Drover ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ranar da giyarta ta ƙi, inda kike nan za ki kwana. Mujalla ba ta san hanyar da za ki bi ba. Ke kika sani."

Marlys ta sayi Halvard.

Ranar Litinin ta ajiye ta a ƙofar shagon kofi. Harlan ya leƙa ta taga, ya miƙe tsaye. "Jama'a, ku zo ku gani! 'Yar Stanek ta yi hankali! Elwood, a ina ta samo shi? Ba dai a gida ba."

"Ni na kai ta," in ji Elwood. Sannan ya faɗi maganar giyar a gaban kowa, bai rage komai ba. An yi masa dariya har bazara ta shigo, kuma daga ranar ba a sake neman ra'ayinsa a kan mota ba. Wannan ya yi masa ciwo fiye da yadda ya nuna.

Bai sayar da Drover ɗinsa ba, domin gane lahanin abu ba ya kashe ƙaunarsa. Ya ci gaba da cike takardar mujallar duk shekara, yana rubuta kowace matsala da ranar da ta faru, har yakan ƙara takarda idan wuri bai isa ba. Ko hakan ya sauya jerin motocin, babu wanda ya sani.

Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya. Kamar yadda ya yi wasiyya, a bayan Drover aka ɗora akwatin gawarsa, Harlan ne ya tuƙa. Marlys ta biyo su a tata motar da sarƙar ja a baya, ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba.